Motar da Za Ta Kai Bubu Gidan Zu

Sekandar Mridha mai sayar da irin albasa ne a Faridpur. Ba albasar kanta ba, baƙin irin nan mai kama da dakakken gawayi, wanda idan ya zube a tabarma sai an tara mutanen gida a tsince shi. Gonarsa ba ta da yawa, amma yana sayen na maƙwabta ya haɗa, ya shanya, ya ɗura a buhuna, idan lokacin shuka ya gabato ya kai wa dillalan Dhaka. Gajere ne mai kauri, da gemu ja saboda lalle. A ƙauyensu an san shi da tsari. Idan za a kai amarya wani gari, shi ake nema ya ce ga motar da za a ɗauka, ga wanda zai zauna gaba, ga inda za a tsaya a yi salla. Matarsa kan ce ko kasuwar bakin titi za shi, sai ya san ta inda zai dawo kafin ya sa takalmi.

Yana da yaya ɗaya tak, Jobeda, wadda yake kira Bubu tun yana koyon magana. Uwarsu ta rasu ba a yaye shi ba, ubansu kuma kullum yana kan kogi da kwale-kwale, don haka a hannunta ya tashi. Ita ta koya masa iyo a tafkin bayan gida, ita take zane shi, ita take tsayawa a gabansa idan wani zai zane shi. Mace ce mai murya, bakinta ja da taunar ganyen pan, wanda ake ci kamar goro, idan ta yi dariya har a gidan maƙwabta sai an ce Jobeda ta samu wanda za ta tsokana. Da ta yi aure mijinta ya tafi da ita Dhaka. Bayan mijin ya rasu ta ci gaba da zama tare da ɗanta Rubel da matarsa Parul, a can saman wani bene a unguwar Jatrabari.

A nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Sekandar ya je asibiti, ya kuma je gida sau ɗaya bayan an sallame ta. Ya tarar da bakin nan ya karkace, ido ɗaya ya sauka, kalma guda sai ta yi ta jan ta kafin ta fito. Ya zauna a gefen gado yana kallon fanka, yana kallon ƙafarsa, yana kallon komai ban da ita. Da aka kawo shayi ya kurɓa da zafinsa, ya ce mota za ta tashi. A kan matakala ya tsaya ya yi kuka, ya share fuska, ya sauka.

Daga ranar bai koma ba. Babu faɗa, babu wata magana. Yana aika mazarƙwailar dabino da sabuwar shinkafa ta hannun masu zuwa, yana kira a waya ranar Juma'a. Da farko yana da abin fakewa, domin a lokacin sai an jira jirgin fito a bakin kogin Padma, tafiyar takan cinye yini. Sai aka buɗe gada. Tafiyar yini ta koma ta hantsi, kuma motar da ke kai shi kasuwar iri ta cikin Jatrabari take bi. Daga taga yana iya hango tankin ruwan da ke kan rufin beninsu. Ya koyi zama a ɗaya ɓangaren motar.

Wata ranar Lahadi, a tsakiyar lokacin ciniki, ya sauka Dhaka da niyyar komawa ranar Talata. Da yamma yana zaune a wurin mai shayi kusa da masaukinsa a unguwar Gulistan, sai ga kira daga wayar Parul. Da ya ɗauka ya ji numfashin yayarsa.

"Seku, kana ina?"

"Ina gida, Bubu. Ina shago."

Daidai nan wata bas ta ja burki a gabansa, kwandasta ya buga mata tafi a jiki yana kiran fasinja: "Mirpur, Mirpur, gidan zu!"

Sekandar ya toshe bakin wayar da hannu, amma ya san ya makara.

"Ashe an buɗe gidan zu a Faridpur," in ji ta, tana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Ba wanda ya gaya mini."

"Bubu, wato yau ɗin nan na..."

"Bar shi. Tunda motar a ƙofar shagonka take lodi, zo ka kai ni. Makarantar 'yar Rubel sun je, ta dawo tana cewa ta ga dabbar da ta fi bishiyar kwakwa tsawo. Na ce ƙarya take. Ina so in gani da idona." Ta huta kaɗan. "Rabona da ƙasa tun da aka hau da ni nan, in ba asibiti ba."

Ya ce to. Ya ce ranar Talata da safe, da zarar ya gama da wani dillali.

Ya ajiye wayar kunnuwansa na zafi. Amma kafin shayinsa ya huce, hankalinsa ya riga ya kama abin da ya iya. Ya juya ya tambayi mai shayi yadda ake kai tsohuwa marar lafiya daga Jatrabari zuwa Mirpur.

"Bas mana," in ji mai shayi.

"Bas ɗin da ba ta tsayawa sai dai ka yi tsalle? Yayata ce, ba buhun iri ba."

Wani tela da ke gefe ya ce sabon jirgin nan da ke bi ta saman titi ya fi, kafin ka gyara zama ka isa. Wani kuma ya ce siyenji, koren babur ɗin nan mai ƙafa uku da ƙofar raga, shi ke kutsawa ta ko'ina. Mai shayi ya ce siyenji ko mai lafiya ya shiga sai ya fito da ciwon baya. Aka yi ta musu, kowa yana kawo hanyarsa, Sekandar yana sauraro yana aunawa, har ya ji sanyi a ransa kamar ya yi wani abin kirki.

Ranar Litinin ya gama zagayen dillalai kafin azahar. Yana da rabin yini a hannunsa, kuma daga inda yake zuwa gidan yayarsa 'yar tafiya ce a riksha, keken nan mai ɗaukar fasinja. Ya tsaya a bakin titi ya dubi wancan ɓangaren, sai ya ce wa kansa ai ba a kai marar lafiya hanyar da ba a gwada ba. Ya hau jirgin saman titin ya ga yadda ake matse mutum a ƙofa, ya ce wannan ba zai yi ba. Ya sauka Mirpur ya dubi tsayin kujerar riksha, ya ce ita ma ba za ta yi ba. Ya isa ƙofar gidan zu ya tambayi lokacin rufewa da inda mota za ta tsaya. Daga nan ya sayi tikiti ya shiga, don ya san hanyar da ta fi inuwa, da inda banɗakin mata yake, da inda ƙasa ke da gargada. Ya samu wurin raƙuman dawa, ya tsaya ya ɗaga kai yana kallonsu shi kaɗai, da 'yar jakarsa ta samfurin iri a hammata.

Yana fitowa ya kira Parul ya tambaye ta keken marasa lafiya. Ta ce akwai na wani maƙwabci, za ta aro.

"Kawu, za ka zo cin abinci yau? Ta sa na sayo kifi."

"Aiki ya sha mini kai, 'yata. Gobe dai."

Ta ce to.

A masauki ya sa aka nemo masa motar haya mai sanyi, mai faɗin kujerar baya. Ya yi wa direban kwatance har sau biyu, ya ce ya je ƙasan benen ya jira shi. Jobeda da Parul za su zauna baya, keke a but, shi kuma a gaba don nuna hanya. Da ya zo kan wannan na ƙarshe ya ji wani abu ya ɗan soke shi, domin direban haifaffen Dhaka ne, ba ya bukatar mai nuna masa hanya. Ya kawar da tunanin.

Dillalin da zai gani ranar Talata Haji Sobhan ne, wanda shi kaɗai ke ɗaukar kusan rabin kayansa. Haji bai zo shago da wuri ba. Da ya zo kuma sai da aka kawo shayi, aka yi maganar ruwan bana, aka yi maganar ɗansa da ke Malesiya, sannan ya jawo wani jiƙaƙƙen tsumma da ya zuba irin Sekandar a ciki ya fara duba waɗanda suka tsiro. Wayar Sekandar tana ta motsi a aljihu. Direba ne. Ya ɗauka ya ce ga shi nan. Ta sake motsi, ya ce saura kaɗan. A kira na ƙarshe direban ya ce yana da wanda zai ɗauko a filin jirgi, ba zai iya ƙara jira ba, ya kashe.

"Lafiya kake ta duba waya?" in ji Haji.

Sai a lokacin ya gaya masa.

Haji ya ajiye tsumman. "Yayarka marar lafiya tana jira, kana nan muna ƙirga tsiro? Me ya hana ka faɗa tun ɗazu? Tashi ka tafi, kaya na ɗauka."

Abin da Sekandar ya yi ta tambayar kansa ke nan a cikin riksha. Kalma ɗaya ce da ta tashe shi tun hantsi, kuma bai faɗe ta ba. Ya san Haji ba mugu ba ne. Ya san kuma cewa duk lokacin da wayar ta motsa, akwai wani ɓangare na zuciyarsa da ke fatan ranar ta ƙare a haka, ya samu dalilin da ba ƙarya ba.

An yi azahar kafin ya hau benen. Ya tarar da ita a kujerar roba dab da ƙofa, an shafe mata kai da mai, an ɗaura mata farin sari mai bakin shuɗi, takalmi a ƙafa, har da ƙafar da ba ta takawa.

"Tun asuba ta sa na shirya ta," in ji Parul. "Ta ƙi komawa gado, wai kada sarin ya yamutse."

Sekandar ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa a kan takalmin. Ya ce mota ta tafi, rana ta yi, cunkoso ya fara, ko a bari sai zuwansa na gaba ya shirya abin da kyau.

"Ɗauke ni," in ji Jobeda.

Ya sauka ya taro siyenji. Direban, wani mai furfura da ake kira Harun, ya dubi benen ya dubi Sekandar, ya tofar da pan ɗinsa ya biyo shi ba tare da an roƙe shi ba. Su biyu suka sauko da ita a kan kujerar, suna hutawa a kowace kwana. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi damun Sekandar ke nan. Aka naɗe keken aka ɗaure a sama da igiya.

Siyenji ba shi da kujerar gaba. Parul ta shiga can ciki, aka sa Jobeda a tsakiya, shi ya matsu a gefenta na hagu, ɓangaren da ya mutu. Harun ya rufe ƙofar ragar ya sa sakata.

"Riƙe mata hannun, Kawu, yana zamewa," in ji Parul. Ta miƙa masa wani ɗan tawul. "Wannan na baki ne."

Ba su kai ƙarshen layin ba Parul ta jingina kai da raga ta yi barci, irin barcin da ko ƙahon bas ba ya tayarwa. Sekandar ya dube ta da kyau a karon farko. Ya tuna ranar da aka kawo ta amarya, da kumatunta. Yanzu ƙashin wuyanta a waje yake.

Suka shiga cunkoso suka tsaya. Hayaƙi, zafi, masu tallar ruwa suna buga raga. Hannun yayarsa yana kan cinyarsa, sanyi ƙalau, da nauyi kamar ba na mutum ba. Yawu ya gangaro ta gefen bakinta. Ya jira ko Parul za ta farka. Ba ta farka ba. Ya ɗaga tawul ɗin ya goge, kuma ba a goge bakin mutum ba tare da an kalle shi ba.

"Yauwa," in ji Jobeda. "Ka ga ban cije ka ba."

Ya naɗe tawul ɗin, ita kuma ta ƙare masa kallo.

"Kai ma ba wani kyau ka ƙara ba. Wannan gemun kamar an tsoma shi a miyar kifi."

Harun ya yi dariya daga gaba. Sekandar ma ya so yi, sai ta fito masa wani iri.

"Bubu, ni ban san yadda zan ce miki ba."

"Kada ka ce. Na sani." Ta daɗe tana haɗa ta gaba. "Ranar da aka fito da gawar Baba, a gonar rama na samo ka. Haka kake. Ba rashin zuwan ne ya fi ba ni haushi ba, ƙaryar ce. Tun kana yaro ba ka iya ta ba, kuma ka ƙi dainawa."

Ya ce ta yafe masa. Ta ce ya gyara mata ƙafa, ta maƙale a ƙarfe.

Sauran hanyar ita ta yi ta tambaya. Wa ya mutu a ƙauye, wa ya sayi gonar wane, ko bishiyar mangwaron bakin tafki tana nan. Yana ba ta amsa, yana goge baki, yana tare kanta idan aka faɗa rami. Ya lura idan bai yi gaggawar ƙarasa mata magana ba, tana ƙarasawa da kanta, kuma abin da take ƙarasawa ba shi ne wanda ya zata ba.

La'asar ta yi sanyi kafin su isa. Mutane fitowa suke, ba shiga ba. Mai tikiti ya ce lokaci ya kusa. Sekandar ya ɗora ta a keke ya fara turawa da sauri, Parul na biye tana murza ido. Ya wuce birai, ya wuce barewa, ya karya ta hanyar inuwa, ya kauce wa gargadar da ke kusa da tafki tun kafin a gan ta.

"Seku, ka san wurin nan."

Ya rage sauri. Ƙarya ta zo masa har kan harshe, ya haɗiye ta.

"Jiya na zo. Na zo duba hanya."

"Jiya," in ji ta. "Jiya duk takalmin da ya hawo bene sai na ce wa Parul ta ɗumama kifi."

Ya ci gaba da turawa, hannuwansa na zamewa a kan ƙarfen saboda gumi.

Raƙuman dawa biyu ne a fili, ɗaya yana cin ganye daga wani kwando da aka rataye can sama. Jobeda ta so ɗaga kai, wuyanta bai ba ta dama ba. Sekandar ya danna keken baya ya tokare shi da cikinsa, ƙafafunta suka tashi sama, ta kwanta tana kallo.

"Yarinyar ba ƙarya take ba," in ji ta daga baya. "Sai na ba ta haƙuri." Can kuma ta ce, "Parul, wannan in wuyansa ya yi ciwo, kwalba nawa ta man zafi za ki shafa?"

Parul ta yi dariya har ta riƙe shinge. Masu gadi suka fara busa usur. Sekandar ya ce ko su leƙa damisa a hanyar fita, ya san inda take. Jobeda ta ce ita dai a bar ta a nan. Haka ya tsaya riƙe da keken a karkace, bayansa na ciwo, har mai gadi ya zo da kansa ya ce Baba, a yi haƙuri.

Motar Faridpur ta tafi ta bar shi. Shi da Harun suka mayar da ita sama, Rubel ya dawo daga masana'anta ya tarar da kawunsa zaune a tabarma yana cire wa uwarsa ƙayar kifi. Ya kwana a nan. Da safe da zai tafi ya ce mata daga yau duk zuwansa sai ya hawo.

"Mu gani," in ji ta.

Zuwansa na gaba ya hau, ya yi mata yini. Na bayansa ya zo da kaya da yawa da mutum biyu masu jiransa, ya wuce, amma ya kira ya gaya mata gaskiya cewa yana gari kuma ba zai samu zuwa ba. Ta ce ya yi kyau, an fara girma. Ya sake hawa sau biyu kafin ciniki ya ƙare. Daga nan aikin gona ya taso, albasa ta yi fure, aka shiga yanka da shanya, babu abin da zai kai shi Dhaka in ba ita ba, kuma bai je ba. Yana ta cewa bari a gama ɗura buhuna.

Da farkon damina ta rasu, wata ranar Laraba da hantsi. Yana tsakar gida yana kwashe shanya saboda hadari lokacin da Rubel ya kira. A Dhaka aka binne ta, kusa da mijinta.

Har yanzu Sekandar yana sana'arsa, gemun ya fi da ja saboda furfurar ta ƙaru. Duk zuwansa Dhaka a Jatrabari yake sauka tukuna, ya hau benen nan yana haki, da mazarƙwaila ko kifi ko buhun albasa a kafaɗa. Yakan zauna ya sha shayi, ya tambayi karatun yarinya, ya yi wa Rubel faɗa a kan taba. A zuwansa na bayan nan, yana ɗaura takalmi a bakin ƙofa, Parul ta miƙo masa jakarsa tana murmushi.

"Kawu, yanzu kam kana yawan zuwa."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, ya san haka. Ya ce e, hanya ta yi sauƙi. Ya karɓi jakar ya sauka, ya tsaya a bakin titi yana jiran riksha zuwa kasuwa.